Ƙusar da ta dace da wuƙa mai ninkewa

Tambaya: Malam, ina ƙera wuƙa mai ninkewa da ƙotar ƙaho, amma bayan 'yan watanni ruwan wuƙar sai ya fara girgiɗi. Jan ƙarfe nake sa wa a mahaɗa. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, jan ƙarfen ne. Laushi gare shi, kullum aka buɗe wuƙar sai ruwanta ya ci shi. A mahaɗa ka sa ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, ramin ya zo daidai da shi cif. Ƙusar kafinta tana riƙewa, amma tsatsarta kan ɓata ƙota. Sauran ƙusoshin ƙota kuwa, sandar tagulla ta masu walda, milimita 2, ta wadatar.

Wajen daɓewa, wato buga kan ƙusar har ya baje, ake yawan yin ɓarna. Ka ɗan faɗaɗa bakin ramin, ka bar ƙusar ta fito da milimita 1.5 a kowane gefe. Ka cusa guntun reza tsakanin ruwan wuƙa da ƙota, sannan ka bi gefen kan ƙusar da ƙaramar guduma sannu a hankali. Bugu mai ƙarfi yana kumbura cikin ƙusar, ƙahon ya tsage. In kan ƙusar ya zauna, zare rezar, ka goge da magagari.