Filin Tambaya da Amsa: Lissafin Jarrabawar Ƙudurat

Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana ajin ƙarshe na sakandare a nan Makka. Dare da rana yana kan tajmi'at, wato tarin tsofaffin tambayoyin da ɗalibai ke tura wa juna a waya, har ya haddace amsoshin da yawa, amma makinsa na lissafi ya ƙi motsi. Ina gizo ke saƙar?
*Wata uwa, Shara Mansur, Makka*

Wa alaikumus salam Hajiya. Gizon yana saƙa ne a haddar. Ƙudurat jarrabawar auna basira ce ta shiga jami'a a Saudiyya. Ɓangarenta na lissafi, wanda ake kira kammi, ba darasi mai zurfi cibiyar Ƙiyas mai shirya ta ke tambaya a cikinsa ba. Tarawa ne da rabawa, kashi cikin ɗari, aljebra mai sauƙi, kusurwoyi da faɗin fili. Abin da suke aunawa shi ne ko yaro zai gane hanya cikin kusan minti ɗaya, ba kalkuleta a hannunsa. Da an canza lamba ɗaya a tambayar da ya haddace, amsar da ke kansa ta zama tarko.

Ga yadda zai yi. Ya ɗauki tambaya 20, ya rufe amsoshin, ya sa agogo minti 20. In ya gama, ya sami littafi daban wanda ba ya rubuta komai a ciki sai tambayoyin da ya faɗi, kowace da dalilinta: bai san ƙa'idar ba, ko bai karanta tambayar da kyau ba, ko hannunsa ya goce wajen lissafi, ko lokaci ne ya ƙure masa. Bayan kwana uku ya koma kansu, ya canza lambobin da kansa, ya sake warwarewa. Wanda ya iya canza lamba ya kuma samo amsa, shi ne ya fahimci tambayar.

Misali guda da ke kayar da yara sosai: an ƙara wa kaya kashi 20 cikin ɗari, daga baya aka rage kashi 20. Yaro zai ce farashi ya koma yadda yake. To ya ɗauka kayan riyal 100 ne. Ƙari ya kai shi 120. Ragin kuwa daga 120 ake cire shi, wato 24, saura 96. Duk tambayar kashi cikin ɗari da ba a ba da farashi ba, ya sa 100 da kansa, aiki ya yi sauƙi.

Idan hadda zai yi, ga inda take da amfani: ninkin kowace lamba da kanta daga 1 zuwa 20, cewa rubu'i kashi 25 ne, sumuni 12.5, humusi 20. Da gefunan alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa da ke yawan fitowa, 3-4-5, 5-12-13, 8-15-17. Kuma kada a bar Tahsili, jarrabawar darussan sakandare, a baya, Hajiya, domin jami'o'i da dama kan haɗa makin shiga ne da kashi 30 na sakandare, 30 na Ƙudurat, 40 na Tahsili.

Malam, tambayoyin muƙarana, wato na kwatanta gefe biyu a faɗi wanda ya fi, su ke cinye ni. Sai in ga amsa a fili, a ƙarshe a ce "bayanan ba su isa ba" ce daidai.
*Ɗaliba daga Jidda*

'Yata, matsalar ita ce lamba ɗaya kike gwadawa, kuma kullum lafiyayya irin 2 ko 3. A ce an ba ki sin, harafin da ke tsaye wa lambar da ba a sani ba, a gefe ɗaya, sin sau sin a ɗaya gefen, ba a faɗi komai game da sin ba. Kin sa 2, kin sami 2 da 4, kin zaɓi na biyu. Sa rabi ki gani: rabi sau rabi rubu'i ne, yanzu na farko ya fi. Sa 1, sun yi daidai. Tunda hukuncin ya sauya, bayanan ba su isa ba.

Ki riƙe baƙi huɗu da za ki riƙa gayyata duk inda kika ga harafi: sifili, 1, rabi, da lambar da ke ƙasa da sifili. Wannan ta ƙarshe ita aka fi mantawa. In an ce sin sau sin 9 ne, sin na iya zama 3, yana kuma iya zama -3, don haka ba za ki ce ya fi 2 ba. Amma in gefen biyu duk lambobi ne zalla, babu harafi ko ɗaya, to "bayanan ba su isa ba" ba za ta taɓa zama amsa ba, ki soke ta tun farko.

Mota ta tafi da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo da 90. Na ce matsakaicin gudunta 75, littafi ya ce 72. Kuskuren bugu ne?
*Wani ɗalibi, Madina*

Littafin ne da gaskiya, ɗana. Motar ta fi daɗewa a kan hanya lokacin da take tafiya a hankali, shi ya sa ba a haɗa 60 da 90 a raba biyu. Zaɓi nisan da duka biyun ke rabawa, 180. Zuwa awa 3, dawowa awa 2. Jimilla kilomita 360 cikin awa 5, wato 72. In lokaci ya matse ka a ɗakin jarrabawa, ka tuna amsar irin wannan kullum tana ƙasa da tsakiyar lambobin biyu, sai ka soke 75 da duk abin da ya fi ta, ka zaɓa cikin abin da ya rage.