Amsa kan bashin sunuka da aka ƙi biya

Assalamu alaikum. Ƙanina, na karanta tambayarka, inda ka ce kun buga sunuka (wasan ƙwallaye da sanda a kan tebur) ta kuɗi da wani mutum, ka cinye shi har naira dubu 900, ya tura maka dubu 300 a daren ya ce sauran sai da safe, ga shi an shiga wata na biyu ba ya ɗaga wayarka, shi kuma abokinku da ya haɗa wasan ya ce babu ruwansa. Kana tambaya ko ka kai ƙara, ko ka tona masa asiri a intanet, ko kuwa ka karɓi tayin da ya aiko maka na a sake bugawa a kan bashin. 'Yan'uwa da dama sun riga sun karanto maka aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida masu hana caca, kuma gaskiya suka faɗa maka. Ni zan yi magana ne a matsayin wanda ya daɗe a gefen tebur, tun ina yaro mai jera ƙwallaye a Jos, har zuwa shekarun da na yi ina tuƙin tasi a Amurka, inda na ga yadda masu bugawa don manyan kuɗi suke mu'amala da juna.

Abin da ya fara ba ni mamaki a can shi ne, mutanen da suka shekara ashirin da sanin juna, suna cin abinci tare suna raha, ba sa yarda a fasa ƙwallaye, wato a yi bugun farko, sai kowa ya fito da kuɗinsa an gani. Idan wasan na 'yan ɗaruruwan daloli ne, sai kowanne ya ƙirga nasa a kan tebur, a haɗa a naɗe, a ɗora a saman fitilar da ke rataye bisa teburin, inda idon kowa yake kai amma hannu ba ya kaiwa sai an yi miƙa. Idan kuɗin ya kai dubbai, sai a damƙa wa wani mutum na uku da ɓangarorin biyu suka amince da shi, ya ƙirga a gabansu, ya ɗaure da roba, ya maimaita sharuɗɗan da babbar murya: wasa nawa za a ci, wane rangwame aka yi wa wanda bai kai ɗayan ƙwarewa ba, me zai faru idan wani ya ce ya gaji. Babu wanda yake ɗaukar wannan a matsayin cin fuska. Wanda ya ɓata rai don an ce ya nuna kuɗi, to shi ne ma ake fara zargi.

Dalilin kuwa yana cikin yanayin cacar kanta. Mutum yakan shigo da kuɗin da zai iya biya, a cinye su, sannan zafin a ce an doke shi a gaban jama'a ya sa ya nemi a ninka a zubi na gaba, alhali aljihunsa ya riga ya bushe. A wannan zubin ba shi da abin asara ko kaɗan: idan ya ci ya dawo da duk abin da ya rasa, idan aka cinye shi sai ya ce a yi masa haƙuri zuwa gobe. Shi ya sa kusan duk bashin sunukar da na taɓa jin labarinsa na zubin ƙarshe ne. Ka koma ka tuna daren nan da kyau. Ina kyautata zaton dubu 300 ɗin da ya tura maka su ne iyakar abin da ya zo da shi, sauran dubu 600 kuma ya buga su ne da baki, kai kana saka kuɗinka na gaske a kan alkawarinsa. Da shi ne ya ci, da ka biya shi lakadan.

Na taɓa ganin wani da aka cinye ya ajiye jakar sandarsa a kan kujera, ya ce zai leƙa injin cirar kuɗi ya dawo. Aka yi ta jira har aka fara kashe fitilun sauran teburan. Da mai gidan ya zuge jakar, sandar da ya yi wasa da ita ba ta ciki, wata tsohuwa ce mai lanƙwasa wadda ko kuɗin awa ɗaya na tebur ba za ta biya ba. A wajenmu yanzu wannan dabarar ta koma cikin waya: a nuna maka hoton tura kuɗi, a ce matsalar banki ce, zai shigo. Idan kuɗi bai zauna a asusunka ka gani da idonka ba, ba a biya ka ba.

Abokinku da ya haɗa wasan ya fi ba ni haushi a kan wanda ya gudu. A ƙa'idar masu wannan harka, wanda ya kawo baƙo ya ce "na san shi, yana biya" ya tsaya masa ke nan, kuma idan baƙon ya zille shi ake bi. Sai dai tsayawar tana da ƙarfi ne idan an furta ta kafin wasa a gaban mutane. Idan cewa kawai ya yi ga wani mai son bugawa, kai kuma ba ka tambaye shi ko ya ɗauki nauyi ba, yana da ƙofar fita, ga shi kuwa ya bi ta. Akwai kuma abin da ya kamata ka bincika a hankali. Yawancin manyan wasanni ba da kuɗin ɗan wasan ake yin su ba, akwai uban gida a bayansa mai zuba jari, wanda idan an ci a raba riba da shi, idan an faɗi asarar tasa ce. Sau da yawa ɗan wasan yakan wuce iyakar da uban gidan ya yanka masa, shi kuma ya ce bai san da wannan ba. A nan sai ka rasa wanda za ka riƙe a cikinsu.

Batun ƙara kuwa, ka cire shi daga ranka. A Ingila dokar 1845 ta mayar da yarjejeniyar caca abin da kotu ba ta tilasta cika shi, kuma haka aka zauna har dokar 2005 ta sauya lamarin. A jihar Kentaki ta Amurka doka ta ma ba wanda aka cinye damar ya shiga kotu ya nemi a dawo masa da kuɗinsa. A Kano kuwa, da sauran jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun wajen 2000, cacar kanta laifi ce, don haka ranar da ka je gaban alƙali ko ofishin Hisba da wannan magana, kanka ka fara kai ƙara.

Tun da babu kotu, abin da ya rage wa 'yan caca shi ne suna. A Amurka akwai gasar sunuka ta Derby City Classic da aka fara a birnin Luwibil na jihar Kentaki a 1999, wadda yanzu ake yi kowane watan Janairu a kudancin jihar Indiyana, kuma an san ta da wasannin kuɗi da ake kwana ana bugawa a gefen gasar. Fuskoki ɗaya ne suke haɗuwa a wurin kowace shekara, saboda haka wanda ya ci bashi ya ƙi biya, labarinsa yakan riga shi isa, ya rasa abokin wasa, ya rasa mai zuba masa jari. Wannan hukunci yana cizo ne a kan wanda abincinsa yake kan tebur. Mutumin da kake bi, idan ɗan kasuwa ne ko ɗan gidan masu hali da ke bugawa don nishaɗi, gobe zai koma wani gidan wasan inda ba a san shi ba. Kuma kada ka ɗauka girman suna yana maye gurbin kuɗi a hannu. A 1996, lokacin da gwanin sunuka Efren Reyes na Filifin ya doke Earl Strickland na Amurka da ci 120 da 117 a Hong Kong, dala dubu 100 aka sanya, kowa ya san da su tun kafin a fara. Shekara goma bayan haka, a 2006, Reyes ɗin ya ci gasar da kamfanin shirya gasar sunuka na IPT ya yi a birnin Reno na Amurka, mai kyautar dala dubu 500, gasa mai tsari da kyamarori da komai, amma sai da 'yan wasan suka yi ta jiran kuɗinsu, aka riƙa biyansu kashi-kashi.

Tona asiri a intanet ba zai kawo maka ko kwabo ba. Ba ka da rubutu, ba ka da shaidar da za ta yarda ta fito ta ce tana wurin caca, kuma shi yana iya juyawa ya yi ƙararka a kan ɓata suna, sannan iyayenka da surukanka su ji abin da kake ɓoye musu. Tura masa 'yan daba ya fi wannan muni, domin daga bin bashi sai ka koma amsa tuhumar rauni ko abin da ya fi haka.

Tayin a sake bugawa a kan bashin shi ne mafi hatsari a cikin ukun, duk da ya fi kama da sulhu. Yana so ne ka sake saka dubu 600 da kake binsa a kan wani sabon alkawari. Idan ya ci bashi ya goge, idan ka ci ya zama kana bin miliyan 1.2 a hannun wanda ya kasa biyan rabinsu. Kuma wanda ya yi wata biyu yana ɓuya sannan ya fito da kansa yana neman wasa, ko dai ya samo rangwamen da zai nema a wurinka, ko ya samo wanda zai buga a madadinsa. Idan ya sake aiko da maganar, ka ce wa ɗan aiken ya fara kawo tsohon kuɗin a ajiye a hannun mai gidan wasan tukuna, ka ga ko zai sake kiranka.