Ƙazwa ta ƙi barin yarana, ina mafita?

Tambaya: Likita, yarana uku suna ta susa, musamman da dare, ga ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu da wuyan hannu. Na shafa wa wanda abin ya fi tsananta magani, ya samu sauƙi, bayan mako biyu ta dawo.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan alamar ƙazwa ce, kuma dawowarta ba abin mamaki ba ne tunda yaro ɗaya kika yi wa magani. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa rami a fata yana zuba ƙwai. Wanda ya kamu karon farko kan yi mako 4 zuwa 6 bai fara susa ba, alhali yana yaɗa ta. Don haka duk wanda ke kwana a gidan, har maigida da mai aiki, a yi masa magani rana ɗaya, ko yana susa ko ba ya yi.

Man permethrin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ya fi. A yi wanka da dare, a goge jiki ya bushe, a shafe daga wuya har tafin ƙafa, ba kan ƙurajen kaɗai ba. Kar a tsallake hammata, cibiya, matse-matsi da ƙarƙashin farce, a kuma yanke farcen. Jariri har kai da bayan kunne, ban da ido da baki. A bar shi awa 8 zuwa 14 kafin a wanke. Bayan kwana 7 a maimaita, saboda ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe. A nan ne yawancin gidaje ke sakaci. Jaririn da bai kai wata 2 ba, a kai shi asibiti tukuna.

Washegari a wanke zannuwan gado da tufafi da ruwan zafi, a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda kwana 3 zuwa 7, ƙwaron ba ya jure rabuwa da jikin mutum.

Ƙaiƙayi na iya ci gaba har mako 4 bayan ƙwaron ya mutu, kar ki yi ta ƙara shafawa, fata za ta ƙone. Mayukan kashe ƙaiƙayi masu sitiroid (sinadarin rage kumburi da ƙaiƙayi) kuwa ba sa kashe ƙwaron, kuma suna iya ɓoye cutar.

Idan ƙurajen suka yi ruwa ko mugunya, ko fuskar yaro ta kumbura, ko fitsarinsa ya koma launin shayi, ku garzaya asibiti a duba ƙodarsa.