Basfar Italiya Ce Ko Ta Indiya? Amsoshin Masu Sha'awar Tsofaffin Babura

Tambaya: Wani dattijo a unguwarmu zai sayar mini da tsohuwar Basfa. Ya ce 'yar Italiya ce ta asali, amma abokina ya dage cewa Bajaj ce aka yi wa fenti. Yaya zan gane? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, abokinka bai yi zargi a banza ba. Kamfanin Piaggio ya fara ƙera Vespa, wato Basfa, a garin Pontedera na Italiya a 1946, daga baya ya ba Bajaj na Indiya lasisin yin irinta. Da yarjejeniyar ta ƙare, Bajaj ya fito da Chetak a 1972, wadda ƙirar Vespa Sprint ce sak. Wani kamfanin Indiya, LML, shi ma ya yi ta ƙera irin samfurin Vespa PX. Don haka ido kaɗai ba zai raba maka gardama ba, tambarin da ke goshin babur kuwa kowane mai walda zai iya manna shi.

Lamba za ka duba. Cire murafen gefe, ka goge datti, ka nemi haruffan da aka buga a jikin ƙarfen bodi, sannan ka nemi na jikin inji. A tsarin Piaggio, lambar bodi tana da T, ta inji tana da M. Sprint 150, wadda ta fito a 1965, bodinta VLB1T ne, injinta VLB1M. Super 150 tana farawa da VBC, PX 150 da VLX, P200E kuma da VSX. In haruffan bodi da na inji sun saɓa, galibi an sauya injin, ko da yake akwai samfurin da tun asali suke saɓawa, kamar P200E mai inji VSE1M. Wannan ba aibi ba ne ga mai son hawa, domin Basfar da ta yi shekara hamsin tana kai malamin makaranta aiki da wuya ta tsira da injinta na fari, amma dole farashi ya sauko. In ka ga alamar an goge wurin lambar an sake bugawa, ka yi wa dattijon godiya ka tafi.

Abin da ya fi damuna ma shi ne tsatsa. Basfa ba ta da firam na bututu kamar sauran babura, bodin ne ƙashinta. Ka kwantar da ita ka leƙa ƙarƙashin matakin ƙafa, ka bi da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa, an cike rami ne aka shafe da fenti. Sabon fenti mai sheƙi a kan tsohuwar Basfa ya fi ba ni tsoro a kan koɗaɗɗe. In ka saye ta, ka tuna injinta mai shan haɗi ne, a samfuran da na lissafa ana zuba baƙin mai kashi 2 cikin ɗari a fetur, sai dai in samfurin mai tankin mai na daban ne.

Tambaya: Na ga hoton wani tsohon babur mai silinda biyu da suka leƙo ta gefe. Aka ce na Italiya ne, ni kuwa na ɗauka BMW ne.

Amsa: Dubi yadda suka leƙo. In a kwance suke ɗaya dama ɗaya hagu, na Jamus ne. In sun ɗago sama kamar harafin V daidai gwiwar mahayi, Moto Guzzi ne, kuma za ka ga gaggafa a tanki. Tun 1921 suke ƙera babura a Mandello del Lario, bakin tafkin Como, wannan injin kuma ya fara da V7 a 1967. Ducati ta Bologna daban take: silinda ɗaya tana kallon tayar gaba, ɗayar tana tsaye, kamar L.

Tambaya: Ina aiki a Milan, na tara 'yan kuɗi. Tsohuwar Ducati zan saya ko Guzzi?

Amsa: In hawa kake so, Guzzi. Mai injin V ba ta amfani da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya, kuma kawunan silindanta a fili suke, mai ɗan ilimin kanikanci zai iya saita bawul da kansa. Le Mans 850 ta 1976 ita kowa ke bi, shi ya sa ta yi tsada, ka nemi 850 T3, danginsu ɗaya.

Ducati kuwa ta fi burge ido da kunne, ban musa ba. Injiniyansu Fabio Taglioni ya yi tsarin desmo, wanda ke rufe bawul da ƙarfe maimakon sifirin, kuma saita shi sai ƙwararre. Bayan ɗan tsere Paul Smart ya ci tseren Imola a kan Ducati a 1972, kamfanin ya fitar da 750 Super Sport mai koren firam a 1974, guda 401 kacal. Saboda ƙarancinta, ana mayar da 750 na gama-gari su yi kama da ita. Duk wanda ya kawo maka ita da araha, kada ka saurare shi.

Ko wacce ka zaɓa, ka nemi takardunta na asali, ka gwada lambar da ke ciki da ta jikin firam, ka kuma tambaya ko tana cikin rajistar tsofaffin babura ta FMI, hukumar babura ta Italiya. In kana da niyyar kawo ta gida wata rana, ka haɗo da kayan gyaranta tun daga can, domin bakaniken Basfa bai yi wuyar samu a Kano ba, amma fistin ɗin Guzzi sai an yi odarsa.