Amsa ga 'yar'uwar da likitoci suka kira zama kan jinyar mahaifiyarta

'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama sauƙi. Kin ce ciwon dajinta ya bazu, likitoci sun nemi zama da iyali domin a tattauna dakatar da allurar yaƙi da cutar, kina kuma tambaya ko sun cire hannu ne daga kanta. Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu irin wannan lalura, kuma ina tabbatar miki ba haka ba ne. Manufar jinyar ce ke sauyawa, daga neman warkarwa zuwa rage raɗaɗi. Wannan fanni ne mai zaman kansa, wanda ya kafu sosai bayan wata likita 'yar Birtaniya, Cicely Saunders, ta buɗe gidan kula da irin waɗannan marasa lafiya a Landan a 1967. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2010 kan masu dajin huhu ma ya nuna waɗanda aka fara ba su wannan kulawa da wuri sun fi samun sauƙin rayuwa, har sun ɗan fi daɗewa.

A zaman, likita nagari yakan fara tambayar abin da kuka fahimta, ya faɗi gaskiya daidai yadda za ku iya ɗauka, sannan ya nemi jin abin da mara lafiyar take so. Nan ne nake ganin iyalai da dama suna kuskure, domin sukan roƙe mu a ɓoye wa mara lafiya halin da take ciki, alhali sau da yawa ta riga ta gane, tana yin shiru ne don kada ta tayar musu da hankali. Muddin Mama tana cikin hayyacinta, hukuncin nata ne. Ku tambaye ta tun yanzu inda ta fi son a yi jinyarta, da wanda zai yi magana a madadinta idan ta kasa.

Za a tambaye ku ko a danna mata ƙirji, a sa mata na'urar numfashi idan zuciya ta tsaya. Ku sani ga mai dajin da ya bazu da wuya hakan ya yi nasara, kuma yakan karya haƙarƙari. Ƙin amincewa da shi ba ya hana a ci gaba da ba ta sauran magunguna. Haka nan kada ku ji tsoron mofin, wato maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi. Idan aka fara da kaɗan ana ƙarawa gwargwadon zafin ciwo, ba ya gaggauta mutuwa.

Batun abinci ya fi komai taɓa zuciyar 'ya'ya. Idan ƙarshe ya matso, jiki da kansa yake daina buƙata, ƙarin ruwa mai yawa kuma yana iya taruwa a huhu ya wahalar da numfashi, don haka jiƙa leɓe da tsabtace baki sukan fi amfani.

Ki rubuta tambayoyinki kafin ranar, kuma idan ra'ayin 'yan'uwa ya rabu, ku nemi a sake zama, domin ba dole ba ne a yanke komai a zama ɗaya.