Fatawa: Hukuncin Koyar da Ɗaliban Kwamfuta Illar Matattun Na'urori

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mai koyarwa ne a wata cibiyar koyon kwamfuta da gyaranta a nan Maradi. Na so in ware darasi a kan gubar da ke cikin matattun na'urori, sai shugaban cibiyar ya ce ba shi cikin tsarin karatu, ɓata lokaci ne. Kuma muna da ɗaki cike da matattun kwamfutoci da batura, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa yana so, amma na san ƙona wayoyin yake yi a bayan gidajen mutane don ya fidda jan ƙarfe. Shin darasin nan wajibi ne a kaina, kuma ya halatta mu sayar masa?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka sayar.

Hukunci ba ya tsayuwa sai an san haƙiƙanin abin da ake yi wa hukuncin, don haka mu fara da abin da masana lafiya suka tabbatar. Gilashin tsohuwar kwamfuta mai ƙeya yana ɗauke da dalma, haka ma batirin da ake haɗawa da hasken rana da na'urar riƙe wuta. Fitilun da ke bayan allon tsofaffin kwamfutocin cinya suna da zaiba, batirin salula kuwa idan ya kumbura aka huda shi yana iya kamawa da wuta. Robar da ta lulluɓe waya, idan aka ƙona ta, hayaƙinta guba ne, tokarta kuma takan zauna cikin ƙasa har ruwan damina ya kwashe ta zuwa Gulbi, inda fadamun da muke cin ganyensu suke. Dalma ta fi yi wa yara ɓarna, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta lalata ba ya komawa daidai. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Hanyar shigowarta daban ce, amma gubar ita ce dai.

Ni kaina na taɓa wucewa ta wata bola bayan la'asar, na ga yara uku sun kewaye tulin wayoyi suna juya wutar da kara, harshenta kore-kore, ɗayansu ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci, ga jajayen awakinmu suna kiwo a gefen tokar jiya. Nonon awakin nan gidajenmu yake shiga.

Idan wannan ya tabbata, to nassin da ya hau kansa a fili yake. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta kuma babu cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Allah Maɗaukaki ya hana yin ɓarna a bayan ƙasa bayan gyaruwarta a Suratul A'araf, aya ta 56. Kuma Abu Dawuda ya ruwaito hani ga yin bahaya a mashayar ruwa da tsakiyar hanya da inuwar da mutane ke hutawa. In har shari'a ta tsananta a kan ƙazantar da rana ke busarwa cikin kwanaki, ina ga dalma wadda ba ta ruɓewa?

Saboda haka ilimin kauce wa wannan cuta farilla ne na kifaya a kan al'umma, wato in wasu suka tsaya da shi ya sauka daga kan sauran. Sai dai farillar kifaya takan koma ta aini a kan wanda babu mai tsayuwa da ita sai shi, kuma kai ne kake miƙa wa yaran nan sukuddireba kana cewa su buɗe na'ura. Wanda ya koya wa yaro kwance batir bai gaya masa abin da ke ciki ba, bai cika amanar koyarwa ba, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Gwargwadon da ya wajaba a kanka shi ne abin da zai tsare lafiyarsu da ta maƙwabta: kada su ƙona waya, kada su fasa gilashin allo, kada su ci abinci a teburin gyara, su wanke hannu da sabulu kafin su koma gida su ɗauki ƙannensu. Abin da ya wuce haka mustahabbi ne mai lada, kamar sanar da su cewa a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na irin wannan shara, wadda ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tabbatar an sarrafa ta bisa ƙa'ida, ko kuma yarjejeniyar Bamako ta 1991 da ta hana shigo da shara mai guba Afirka.

Shugabanka yana da haƙƙi a kan tsarin lokaci, kada ka yi jayayya da shi gaban ɗalibai. Ka same shi keɓe da ladabi. In ya ƙi ware darasi, ka saka gargaɗin cikin aikin hannu, lokacin da na'urar take buɗe gabansu, wannan kam babu mai ikon hana ka.

Batun sayarwa kuwa, asalinsa halal ne, jefar da abin da ke da amfani ma tozarta dukiya ne. Da Annabi ya ga matacciyar tunkiya, cewa ya yi me ya hana a jeme fatarta a amfana da ita. Ku fara tace kayan: wanda zai gyaru a gyara shi, wanda ba zai gyaru ba ɗalibai su ciro sassansa masu rai. Amma mazhabarmu ta Malikiyya tana toshe kafar ɓarna, shi ya sa malamanmu suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Tun da ka ce ka san ƙonawa yake yi cikin unguwa, ban ga halaccin ba shi wayoyin da robarsu ba. Ba ina ƙyamar sana'arsa ba ne, mai neman halal ne, kuma shi ne farkon mai shaƙar hayaƙin. Ku fere robar da wuƙa ku sayar masa da jan ƙarfen tsurarsa, wanda ma ya fi kuɗi, ko ya yarda ya fere da kansa. Baturan ku ajiye su a busasshen wuri cikin inuwa, nesa da yara, har ku sami wanda kuka amince ba zai zubar da ruwansu a ƙasa ba. Kuma kafin kowace kwamfuta ta bar ɗakin nan, a goge ko a lalata ma'ajiyar bayananta, domin hotuna da takardun masu ita amana ce a wuyanku.

Allah ne mafi sani.