Filin Amsa Tambayoyinku: Haɗa ADC da Ƙwaƙwalwar Na'ura

Wasiƙun wannan karon daga Garwa, Ngaundere, Kusiri, Marwa da Njamena sun haɗu a kan abu guda: yadda za a sa maikrofurosesa ta karanta ƙarfin wuta. Ita lamba kawai take ganewa, sifili da ɗaya. Aisin (wato IC, ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu) da ake kira ADC shi ke shiga tsakani, ya karɓi ƙarfin wutar da ke fitowa daga batir ko sensa ya mayar da shi lamba. Mun taƙaita wasiƙun saboda fili.

Assalamu alaikum. Sana'ata haɗa sola. Wani mai kantin magani yana so ya riƙa ganin ƙarfin batiransa na 24V a waya saboda firjin allurai. Ina da Raspberry Pi da aisi MCP3008. Yaya zan haɗa su ban ƙona komai ba? Daga mai haɗa sola, Garwa.

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka nemi aisi na daban, domin Raspberry Pi ba shi da ƙafa ko ɗaya da ke auna ƙarfin wuta mai hawa da sauka. MCP3008 na kamfanin Microchip ne, ƙafarsa 16, mashigarsa 8, kuma yana raba ma'auninsa gida 1024, daga 0 zuwa 1023.

Riƙe aisin tsagarsa na kallon sama. Ƙafa ta 1 tana sama ta hagu, a ƙirga a sauko, sannan a haura ta dama. Ta 1 zuwa ta 8 mashigan sigina ne. Ta 16 da ta 15, wato VDD (wutar da aisin ke ci) da VREF (ma'aunin awonsa), ka kai su 3.3V na Pi; ta 14 da ta 9 su tafi GND, wato layin sifili na wutar. Saura huɗun nan su ne hanyar maganar SPI, wadda aisin ke aika wa Pi lambobi ta cikinta: ta 13 zuwa GPIO11, ta 12 zuwa GPIO9, ta 11 zuwa GPIO10, ta 10 zuwa GPIO8. A jerin ƙusoshin Pi, su ne na 23, 21, 19 da 24. Ka liƙa kafasita mai 100nF tsakanin ƙafa ta 16 da GND, dab da jikin aisin.

Kada ka ba aisin 5V, ko da takardar kamfanin ta ce yana ɗauka. In ka yi haka, ƙafa ta 12 za ta riƙa tura 5V cikin Pi, alhali ƙafafun Pi iyakarsu 3.3V.

Yanzu ga inda aikin yake. Batirin 24V yakan kai 28.8V lokacin caji, wani lokacin ya doshi 30V, don haka sai an rage shi kafin ya taɓa aisin. Haɗa rezista mai 100k da mai 10k a jere: bakin mai 100k a tabbataccen kan batir, bakin mai 10k a GND, mahaɗarsu kuma ta shiga ƙafa ta 1. Wannan yana raba ƙarfin gida 11, sai 30V ya zama 2.73V. Abin da za su riƙa sha bai kai kashi ɗaya cikin uku na miliampiya ba. Ka ƙara kafasita 100nF daga mahaɗar zuwa GND. Dalili kuwa, a cikin aisin akwai 'yar kafasita mai kimanin 20pF da take cika cikin ƙiftawar ido duk lokacin awo. In rezistocin waje sun yi girma ba ta samun cika, sai lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Ka sa ƙaramin fiyus a wayar awon kusa da batir, saboda in ta taɓa ƙarfe batirin zai iya narkar da ita. Sannan ka ɗauki awon daga kan batirin kansa. Wasu kwanturolan caji ta ɓangaren nagatib suke yanke wuta, wanda ya ɗauki GND daga mafitarsu zai ga lambobi marasa kan gado.

A manhaja, kunna SPI ta raspi-config, ka sa gudun agogo a 1MHz. Aika bait uku: 0x01, sai 0x80, sai 0x00, don karanta mashiga ta farko. Daga amsar, ɗauki bit biyu na ƙasa na bait na biyu, ka ninka da 256, ka tara da bait na uku. Lambar da ta fito ka ninka da 3.3, ka raba da 1024, ka ninka da 11. Batir mai 25.6V zai ba ka kusan 722, kowane mataki ɗaya kuma kimanin 35mV ne a kan batirin.

Kada ka miƙa aikin sai ka gwada da mita mai kyau. Ko rezistoci masu kuskuren kashi 1 cikin 100 suna iya kauce maka da kusan rabin bolt, alhali tazarar da ke tsakanin batirin dalma cikakke da wanda ya kai rabi kimanin bolt ɗaya ce a tsarin 24V. Auna da mita, ka gyara lambar 11 ɗin nan a manhaja har su dace. Allurai ne a cikin firjin, awon da ke yaudarar mai kanti ya fi rashin awo haɗari.

Ni ɗaliba ce, aikin ƙarshen shekara nake yi da ADC0804, ƙwaƙwalwar na'ura AT89C51 da sensan zafi LM35. Allon kullum 255 yake nunawa, wani lokacin shirin ya tsaya cak. Daga ɗaliba, Ngaundere.

'Yar'uwa, alamomin biyu da kika faɗa cuta biyu ce daban.

Lambar 255 tana nufin duk layukan takwas suna sama. Yawanci hakan na faruwa ne idan ADC ɗin bai saki amsarsa ba: mafitansa, ƙafa ta 11 zuwa ta 18, a rufe suke sai ƙafafun umarni CS da RD sun sauka ƙasa tare. Tsarin shi ne CS ƙasa, WR ƙasa sannan ki mayar da shi sama, a nan juyin ke farawa. Ki jira INTR, ƙafa ta 5 mai shaida an gama juyin, ya sauka, abin da ke ɗaukar kimanin maikrosakan 100. Sai RD ƙasa, ki karanta, ki mayar da RD sama. Tun farko ki rubuta 0xFF a tashar da za ki karanta domin ta zama mashiga. Ki kuma lura ƙafa ta 11 ce babban bit, ta 18 ƙarami. Juya su yana ba da lambobi masu tsalle.

Tsayawar shirin kuwa alama ce yana jiran INTR da ba zai sauka ba, domin agogon aisin ba ya tafiya. Ana sa rezista 10k tsakanin ƙafa ta 19 da ta 4, da kafasita 150pF daga ta 4 zuwa GND, a samu kimanin 600kHz. Duba lambar da ke jikin kafasitar: 151 ce daidai. Mai 154 ta ninka ta sau dubu, kuma kamanninsu ɗaya. Ƙafa ta 7, ta 8 da ta 10 duk su tafi GND.

Ga abin da zai ɗaga darajar aikinki a gaban malamai. LM35 yana ba da 10mV a kowane digiri. In kika bar ƙafa ta 9 a sake, matakin aisin 19.5mV ne, zafin digiri 43 zai fito a matsayin 22, allon kuma ya riƙa tsallake digiri biyu-biyu. Sa 1.28V a ƙafa ta 9 ta hanyar rezista mai murɗawa, matakin ya koma 10mV cif, lambar da kika karanta ita ce zafin kai tsaye. In an ce ki yi da maikrofurosesa 8085, wadda ba ta da tashoshi a jikinta, ki bi ta aisi 8255, ko ki ciro CS daga layukan adireshi da 74LS138.

Ina noman rani a bakin kogin Logon. Ɗana ya haɗa mini Arduino Uno da sensa don sanin yawan ruwan tanki. Da famfo ya tashi sai lambar ta haura, ruwa kuwa bai ƙaru ba. Sensan ne ya lalace? Daga manomi, Kusiri.

Alhaji, da wuya a ce sensan ne. A nuna wa yaron wannan amsar.

ADC kwatantawa yake yi: yana duba siginar da ta shigo, ya gwada ta da wani ƙarfin wuta da aka ba shi a matsayin ma'auni. Kamar awon gero ne, in mudun ya ƙanƙance sai yawan mudu ya ƙaru alhali buhun bai canza ba. Arduino Uno da 5V ɗin da yake ci yake awo. Sigina mai 2V tana ba da 409 idan wutar 5.00V ce. Famfo ya tashi, wutar ta faɗo 4.75V, siginar nan dai sai ta ba da 431. A ganinmu wannan ne kuskuren da ya fi kowane yawa a irin wannan aiki, kuma mutane sukan sayi sabon sensa a banza saboda shi.

Maganin farko, a raba wutar Arduino da ta famfo da rile (makunnin da ke tayar da famfon), a haɗa GND ɗinsu a wuri ɗaya tak kusa da batir, don kada kwararar famfo ta bi ta wayar da sensa ke amfani da ita. A gicciya dayod 1N4007 a kan naɗin rile, zobensa na kallon tabbataccen ɓangare. Na biyu, a ba ADC ma'auni tsayayye. Aisin ATmega328P yana da na ciki mai 1.1V, ana kiransa da analogReference da kalmar INTERNAL, sai dai ya bambanta daga aisi zuwa aisi tsakanin 1.0V da 1.2V, dole a daidaita shi da mita, a kuma rage siginar ta dawo ƙasa da shi. Ko a sa LM4040 mai 4.096V a ƙafar AREF. Wanda ya zaɓi wannan ya tabbata ya kira analogReference da kalmar EXTERNAL kafin karatun farko, in ba haka ba ma'aunin ciki da na waje za su yi karo, aisin na iya lalacewa.

Akwai togaciya. Idan sensan irin wanda siginarsa ke hawa da sauka tare da wutar da yake ci ne, kamar abu mai yawo a saman ruwa da ke juya rezista, to a ciyar da shi daga 5V ɗin Arduino a bar ma'aunin yadda yake, kuskuren biyu za su kashe juna.

Doguwar waya daga tanki tana kwaso gurɓata daga janareto da layin wuta mai 50Hz. A murɗa wayar sigina da ta GND tare, a nisanta su daga wayar famfo, a sa kafasita 100nF a mashiga. A manhaja a tara karatu na tsawon milisakan 20 ko 40 a ɗauki matsakaici, domin zagayen 50Hz ɗaya milisakan 20 ne, hawansa da saukarsa sai su share juna. In tazarar ta kai gomman mitoci, sensa mai fitar da 4 zuwa 20mA ya fi. Rezista mai om 200 za ta mayar da shi 0.8V zuwa 4V a bakin Arduino.

Ina so in auna ampiyar da inbata ke ja da shant mai 100A, 75mV. Arduino ba ya ganin komai. Daga mai gyaran lantarki, Marwa.

Shant rezista ce 'yar ƙarama da ke fitar da 75mV kawai idan 100A ya ratsa ta. Matakin Uno kuwa kusan 4.9mV ne, Malam, duk 100A ɗinka ba su wuce mataki 15 ba. Nemi ADS1115 na Texas Instruments, mai bit 16, yana magana ta I2C, hanyar waya biyu: SDA zuwa A4, SCL zuwa A5, ADDR zuwa GND don adireshin 0x48. Haɗa ƙananan sukurori biyu na shant da A0 da A1 nasa, ka zaɓi awon bambanci da zangon 0.256V. Kowane mataki zai zama maikrobolt 7.8, wato kimanin 10mA. Shant ɗin ya zauna a wayar nagatib ta batir, domin mashigan aisin ba sa jure abin da ya zarce wutar da yake ci da fiye da 0.3V. In dole sai ta ɓangaren tabbatacce, INA226 ne aisin, yana ɗaukar har 36V. Wayoyin I2C su zama gajeru, kuma kada akwatin ya sha rana: a zafin Afrilu na Marwa rezistocin kabon suna kaucewa, masu fatar ƙarfe sun fi tsayawa.

ESP32 nawa yana karanta batir lafiya, da na kunna Wi-Fi sai karatun ya mutu. Kuma zan iya auna 220V da shi? Daga makaranci, Njamena.

ESP32 yana da ADC biyu, na biyun kuma Wi-Fi yana ƙwace shi idan yana aiki. Mayar da wayarka ɗaya daga cikin GPIO32 zuwa GPIO39, waɗanda ke kan na farko. Ka sani awonsa yana karkacewa kusa da sifili da kusa da 3.3V, don haka ka tsara rezistocin siginar ta zauna a tsakiya.

Game da 220V, ɗan'uwa, kada ka rage shi da rezistoci ka kai kan allon. Yin haka yana iya ɗora wutar gida a kan GND, da kebul ɗin USB, da kwamfutarka, da hannun duk wanda ya taɓa. Yi amfani da ƙaramar taransifoma mai raba ɓangarorin biyu, irin ZMPT101B, ka ɗaga siginar ta zauna a kan 1.65V, ka ɗauki karatu aƙalla 1000 a sakan, sannan ka lissafa matsakaicin RMS a kan cikakkun zagaye. Ɓangaren 220V ya kasance cikin rufaffen akwatin roba, da fiyus a gabansa.